Tarwaɗa ko Karfasa: Wacce Ta Fi Dacewa da Tukunyar Gidanmu?

Duk ɗalibin da aka taɓa aika kasuwa sayen kifi a Tambuwal, Dogon Daji, Sanyinna ko Kebbe ya san kifaye biyun da suka fi cika faifan masu sayarwa: tarwaɗa da karfasa. Ga tarwaɗa baƙa mai santsi da gashin baki tana wutsil-wutsil a cikin daro, ga karfasa mai ɓamɓaroki da faɗin jiki an jera ta kashi-kashi. Musu a kansu tsoho ne. Wani ya ce miya ba ta yin daɗi sai da tarwaɗa, wani ya ce ai a wurin suya karfasa ba ta da na biyu.

A wannan mako za mu auna su ta fuska huɗu: amfani ga jiki, ɗanɗano, tsada, da kuma yadda cinsu yake shafar ruwan da suke fitowa. Maganar ba ta kwaɗayi ba ce kawai. Jikin ɗan sakandare yana kan ginuwa, naman shanu da na awaki ya yi wa gidaje da yawa tsada, kifi ne ke cike gurbin. Idan kuɗin cefane ɗan kaɗan ne, sanin abin da za a saya da shi ilimi ne.

Mu fara saninsu

Tarwaɗa ita ce masana kimiyya ke kira Clarias gariepinus. Ba ta da ɓamɓaroki, kanta faffaɗa ne mai tauri, tana da gashin baki guda 8 da take laluben abinci da su a cikin ruwa mai duhu da laka. Babban abin mamakinta yana cikin kanta: a saman matacinta akwai wata gaɓa mai rassa kamar ƙaramar bishiya, wadda take shaƙar iska da ita kai tsaye. Shi ya sa take iya yin sa'o'i a wajen ruwa ba ta mutu ba muddin jikinta na da danshi, kuma take jure wa kududdufin da sauran kifaye suka daɗe da mutuwa a ciki. Wajen ci ba ta da zaɓi: ƙwari, tsutsotsi, kwaɗi, ƙananan kifaye, har da 'yan uwanta idan yunwa ta yi yunwa.

Karfasa kuwa, wadda wasu ke kira gargaza, suna ne na dangin kifaye da dama masu kama da juna. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Oreochromis niloticus. Yawancin abincinta gansakuka ne da ƙananan tsirran da ke yawo a ruwa, waɗanda ido ba ya gani sosai. Wato idan tarwaɗa kura ce, karfasa tunkiya ce mai kiwo. Tana da wata ɗabi'a da ta cancanci a sani: macen tana ɗauke ƙwayayenta a cikin bakinta har su ƙyanƙyashe, tsawon mako ɗaya zuwa biyu, kuma a wannan lokaci da wuya ta ci abinci. Ko bayan 'ya'yan sun fito, da sun ji motsin haɗari sai su ruga su koma bakin uwa.

Dukansu biyu 'yan gida ne a ruwayenmu. Akwai su a Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega. Akwai su a tafkin Romo da sauran tafkuna da fadamun da damina ke cikawa, da manyan madatsun ruwa irin su Goronyo da Bakolori. Ta fuskar addini ma babu damuwa: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kifi halal ne, mai ɓamɓaroki da marar shi.

Me suke ba jiki?

Malamin kimiyyar abinci zai gaya muku cewa furotin shi ne tubalin da ake gina tsoka, jini da fata da shi. Saurayi mai shekara 14 zuwa 18 yana buƙatar kimanin giram 52 na furotin a rana, budurwa kuma kimanin giram 46. Tuwo da kunu suna ba da wani abu, wake da gyaɗa suna ƙarawa, amma furotin na kifi cikakke ne, kuma yana da sauƙin narkewa a ciki.

A cikin giram 100 na ɗanyen naman karfasa akwai furotin kusan giram 20, maiƙo kuwa bai kai giram 2 ba. A cikin giram 100 na tarwaɗa furotin yana tsakanin giram 16 zuwa 18, amma maiƙonta ya fi yawa. Tarwaɗar kiwo da aka ciyar sosai tana iya ninka karfasa maiƙo sau biyu ko uku, ta gulbi kuwa ba ta kai haka ba, domin ita sai ta yi yawo ta nemi abinci.

Me wannan ke nufi a aikace? Ga dattijon da likita ya ce ya rage maiƙo, karfasa ta fi dacewa, musamman idan dafa ta aka yi ko aka gasa, ba a tsoma ta cikin mai ba. Ga yaron da ke tafiyar ƙafa zuwa makaranta, ya dawo ya wuce gona ko filin ƙwallo, maiƙon tarwaɗa ƙarin kuzari ne, ba abin gudu ba.

Dukansu suna da bitamin B12, wanda jiki ke buƙata don yin jini da kiyaye lafiyar jijiyoyi, kuma ba a samunsa a gero, dawa ko ganye. Suna da sinadarin fosfaras da siliniyam. Sai dai a faɗi gaskiya: maiƙon nan da ake yawan yabo, omega-3, mai taimakon zuciya da ƙwaƙwalwa, bai yi yawa a cikin ko ɗaya daga cikinsu ba. Kifin teku mai maiƙo, irin Titus da ake sayarwa a ƙanƙara da sadin na gwangwani, ya fi su nesa ba kusa ba ta wannan fuska. Saboda haka gidan da ke sauya kifi lokaci zuwa lokaci ya fi gidan da ya tsaya a kan guda ɗaya riba.

Banda kuma fa? Kusan kashi uku cikin huɗu na jikin ɗanyen kifi ruwa ne. Idan aka yi masa banda ya bushe sosai, yakan rasa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa, amma furotin ɗin yana nan bai tafi ko'ina ba. Shi ya sa giram 100 na busasshen kifi yakan haura giram 50 na furotin. 'Yar tarwaɗar banda da aka daka a miyar kuka ko kuɓewa, ko da ba a ganinta da ido, tana aiki a jikin duk wanda ya sa hannu a akushin.

A baki fa?

Nan ne musun ya fi zafi, kuma nan ne babu alƙali. Amma akwai abubuwan da kowa ya yarda da su.

Naman karfasa fari ne tas, yana ɓarewa sala-sala, ba shi da ƙarni mai ƙarfi. Ɗanɗanonsa mai sanyi ne, yana karɓar yaji da albasa da tafarnuwa. Idan aka tsattsaga jikinta aka soya ta ƙamas, ko aka gasa a kan garwashi, da wuya a samu mai ƙi. Matsalarta ƙaya. Ƙayoyin bayanta masu tsini ne, suna huda hannun mai gyara, kuma ƙananan karfasa sai an yi haƙuri wajen ci. Idan za a ba ƙaramin yaro, babba ya zauna ya tsince masa.

Naman tarwaɗa ya fi laushi da maiƙo, kuma ba shi da ƙananan ƙayoyi masu yawa. Da an cire ƙashin tsakiya, saura nama ne. Shi ya sa ta fi sauƙi ga yara da tsofaffi, kuma ta fi dacewa da farfesu, inda kanta ke ba romo ƙarfi. Abin da ke korar wasu daga gare ta shi ne yauƙin jikinta. Iyayenmu mata sun daɗe da maganin wannan: a zuba mata ruwan zafi, ko a goge ta da toka, gishiri ko lemun tsami, yauƙin ya fita.

Wani lokaci kifi yakan zo da warin laka ko na ƙasa. Wannan yana iya faruwa da kowace daga cikinsu, kuma ba alamar ruɓewa ba ce. Wasu ƙananan halittu ne da ke yaɗuwa a ruwan da ba ya gudu suke fitar da sinadarin da ke shiga naman. Masu kiwon da suka san aiki sukan ajiye kifin a ruwa mai tsabta na 'yan kwanaki kafin su kai kasuwa, warin ya tafi.

Lissafin aljihu

Farashin kifi ba ya zama wuri ɗaya. Da kaka, lokacin da ruwa ya fara janyewa daga fadamu, kifin gulbi yakan wadata ya yi sauƙi. Da bazara, tafkuna sun ƙafe, sai ya yi wuya, masu kiwo su ci kasuwa. Don haka maimakon mu ba ku farashin da zai canza kafin wata ya ƙare, ga hanyar da za ku riƙa yin lissafin da kanku.

Ba duk abin da aka saya ake ci ba. A kilo ɗaya na karfasa, idan aka cire kai, ɓamɓaroki, kayan ciki da ƙaya, tsantsar naman da zai rage kusan kashi ɗaya cikin uku ne, a ce giram 330. A kilo ɗaya na tarwaɗa ana samun kusan giram 400. Yanzu ku ɗauko biro. Giram 330 na karfasa, a kan furotin 20 cikin 100, ya ba da giram 66. Giram 400 na tarwaɗa, a kan 17 cikin 100, ya ba da giram 68. Kun ga abin da ya faru: fifikon da karfasa ta samu a furotin, tarwaɗa ta rama shi a yawan nama. Kusan kunnen doki suka yi. Ashe ke nan, ta fuskar gina jiki, wadda ta fi araha a ranar ita ce ta fi riba.

Akwai wani lissafin kuma da ba ya bayyana a kan faifai, shi ne na lalacewa. Karfasa tana mutuwa jim kaɗan bayan an fid da ita daga ruwa, kuma a zafin Maris da Afrilu, inda ma'auni ke haura digiri 40, sa'o'i kaɗan sun isa ta fara sauyawa idan babu ƙanƙara. Tarwaɗa kuwa ana kai ta kasuwa da ranta, ta kwana a daro ta wayi gari. Kuma ta fi karɓar banda, saboda maiƙonta da kaurin namanta. A garin da wutar lantarki ba ta tsayawa, wannan babbar daraja ce. Idan gidanku na nesa da ruwa, tarwaɗa mai rai ko ta banda ta fi aminci. Idan kuna bakin gulbi kuma za a dafa nan take, karfasa ba ta da laifi.

Ga yadda za ku gane mai kyau. Ɗanyen kifi: idonsa garau, matacinsa ja, idan ka danna naman da yatsa ya dawo. Idan ido ya faɗa ya yi hazo, mataci ya koma ruwan toka, bar shi ko da an ba ka rabin kuɗi. Kifin banda: karya ɗaya ka duba ciki, kada ka ga tsutsa, gari ko fumfuna. Ka kuma sansana. Wasu marasa tsoron Allah suna fesa maganin ƙwari irin su fiya-fiya a kan busasshen kifi don kada ƙwari su ci, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan sa irin wannan guba a kayan abinci. Kifin da ke warin magani ba na saye ba ne.

Gobe za a samu?

Yanzu mun zo ga tambayar da ta fi duka nauyi. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ta sha ambata sun nuna Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da ake samarwa a cikin gida bai wuce kusan tan miliyan 1.2 ba. Wani ɓangare na giɓin ana cike shi da kifin ƙanƙara daga waje, sauran kuma mutane ne ke haƙura. A duniya, kowane mutum yana cin kimanin kilo 20 na kifi a shekara idan aka raba daidai, ɗan Najeriya kuwa bai kai kusa da haka ba. Bakuna suna ƙaruwa, gulbi kuwa ba ya ƙara faɗi.

Idan ana maganar kiwo, kowace tana da hujjarta. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, saboda tana jure cunkoso da ruwa marar iska, ana kiwonta a tankin siminti ko na roba a bayan gida, kuma da abinci mai kyau tana iya kai kilo ɗaya cikin wata 5 zuwa 6. Amma abincin nata shi ne matsalar. Tana buƙatar abinci mai furotin kashi 35 zuwa 45 cikin 100, wanda sau da yawa ana haɗa shi da garin wasu kifayen. Wato ana ciyar da kifi da kifi. Abinci kaɗai yakan cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin mai kiwo.

Karfasa ta fi sauƙin ciyarwa. A tafkin ƙasa da aka zuba wa taki, ruwan ya yi kore, tana samun wani kaso na abincinta da kanta, a ƙara mata da dusa da abincin da aka haɗa da waken suya ko tunkuzar gyaɗa. Da wannan ne Masar ta zama ta ɗaya a Afirka wajen kiwon kifi, kuma mafi yawan abin da take fitarwa karfasa ne. Sai dai karfasa tana da nata ciwon kai: tana hayayyafa tun tana ƙarama, har tafki ya cika da 'yan mitsi-mitsi da ba sa girma. Masu kiwo sukan magance haka ta hanyar zuba maza zalla, ko su sa 'yan tarwaɗa kaɗan a ciki su riƙa rage 'ya'yan. Ga shi abokan musunmu biyu sun zama abokan aiki a tafki ɗaya.

A gulbi da tafki kuwa, abin da ke kashe su iri ɗaya ne. Na farko, kama ƙananan da ba su kai haihuwa ba, da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi. Na biyu, su a farkon damina, lokacin da tarwaɗa ke hawa fadamu cike da ƙwai. Wanda ya kama karfasa da ƙwai a baki, ba kifi ɗaya ya kama ba, ɗaruruwa ne. Na uku, zuba guba irin Gamalin a ruwa, wadda ke kashe babba da yaro, ta kuma cutar da mai ci da dabbar da ta sha ruwan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwa masu fashewa wajen su.

Tun kafin wannan doka, kakanninmu suna da tasu. Sarkin Ruwa yana da ikon rufe tafki har sai kifi ya girma, sannan a sa ranar su, kowa ya shiga da homa da gorarsa. Misalin da duniya ta sani yana maƙwabtanmu, a Argungu, inda ake kange Matan Fada daga masunta har zuwa lokacin biki. Bikin ya samo asali a 1934, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Manyan kifayen da ake ɗagawa a wurin ba sihiri ba ne, haƙuri ne. An bar su sun girma.

To, wacce ta yi nasara?

A furotin da ƙarancin maiƙo, karfasa. A yawan nama, ƙarancin ƙaya da jure zafi, tarwaɗa. A sauƙin kiwo a bayan gida, tarwaɗa. A sauƙin ciyarwa da rage wa ruwa nauyi, karfasa. A ɗanɗano, kowa da bakinsa. Wanda ya ce lallai sai ɗaya ta kayar da ɗaya bai duba lissafin da kyau ba.

Zaɓin da ya fi muhimmanci ba tsakanin tarwaɗa da karfasa yake ba, tsakanin babba da ƙarami ne. Idan an aike ka kasuwa ka ga kashin 'yan karfasa da ba su fi yatsu biyu ba, ka tuna cewa masunci yana kama su ne don yana da mai saye. Kuɗin da zai sayi goma ƙanana, idan ya sayi biyu manya, nama ya fi yawa, ƙaya ta ragu, gulbi kuma ya samu sararin numfashi. Ka faɗa wa Inna wannan da ladabi, ka nuna mata lissafin.

Ga masu sha'awar abin ya zama sana'a, hanya a buɗe take. Kiwon kifi ya kasance cikin darussan sana'a da aka riƙa rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO. Ana karantar da ilimin kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma a New Bussa ta Jihar Neja, kusa da tafkin Kainji, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da kwalejin tarayya da ke horar da ɗalibai a wannan fanni.

Aikin wannan mako: ku haɗu ku uku ko huɗu, ku nemi izinin malamin aikin gona ku yi amfani da sikelin ɗakin gwaji. Ku auna tarwaɗa ɗaya da karfasa ɗaya kafin a gyara su, ku sake aunawa bayan an cire kai, kayan ciki da ƙaya, sannan ku lissafa nawa giram 100 na tsantsar nama ya tsaya a kasuwarku. Bayan haka ku sami wani tsohon masunci a garinku, ku gaishe shi, ku tambaye shi girman kifin da yake kamawa yana saurayi da wanda ake kamawa yau. Ku rubuta amsarsa a littafinku, ku karanta wa 'yan ajinku.